Shin har yanzu kyautar Hugo abin dogaro ce ga mai neman littafin karantawa?

Ɗalibin Dundaye

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa ma'abota karatu. Ni ɗalibi ne a fannin kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ban daɗe da fara karanta ƙagaggun labaran kimiyya ba. Littafin da ya jawo ni ciki shi ne The Three-Body Problem na Liu Cixin, wanda aka rubuta a bangonsa cewa ya ci kyautar Hugo, kuma tun daga nan na riƙe wannan tambari a matsayin jagora. Kuɗin hannuna ba su da yawa, littafin waje kuwa sai an yi odarsa daga Legas ko Abuja, ga tsada ga jira, don haka ba na so in saya in yi da-na-sani.

To sai na riƙa cin karo da rubuce-rubuce masu cewa an yi wa kyautar haɗin baki a 2015, wato shekarar da littafin nan ya ci, sannan an sake yin wani abin kunya a birnin Chengdu na ƙasar Sin a 2023, har wasu daga cikin waɗanda suka ci suka nesanta kansu daga kyautar. Ina roƙon wanda ya san yadda abin ya faru ya warware mini shi. Shin tambarin Hugo yana da sauran daraja, ko kuwa in daina kula shi? Idan kuma zan daina, da me zan auna littafi, kuma wanne ya kamata in nema bayan wannan?

Malamin Adabi, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a yi maganar rikici ya kamata ka san wane ne yake ba da kyautar, domin a nan duk matsalar ta samo asali. Hugo ba ta da kwamitin alƙalai. Masu karatu ne suke zaɓe, wato mambobin babban taron shekara-shekara da ake kira Worldcon, kuma duk wanda ya biya kuɗin zama mamba yana da ƙuri'a, ko da bai taka ƙafarsa wurin taron ba. An fara ba da ita a 1953 a Philadelphia ta Amurka, aka ci gaba kowace shekara tun daga 1955, kuma an sa mata sunan Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Zaɓen hawa biyu ne. Da farko kowane mamba yana rubuta sunayen ayyukan da yake so a kowane rukuni, a tattara waɗanda suka fi yawan ambato su zama 'yan takara. Daga baya a jefa ƙuri'ar ƙarshe, inda kowa yake jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma a cikin jerin akwai zaɓin cewa babu wanda ya cancanta.

Hawan farko shi ne mai rauni. Ana buga ɗaruruwan littattafai da dubban gajerun labarai a shekara, saboda haka ra'ayin masu zaɓe yana warwatsuwa, kowa da abin da ya karanta. Idan mutum ɗari biyu ko uku suka haɗa kai suka rubuta sunaye biyar iri ɗaya, za su iya cike gurbin 'yan takara gaba ɗaya, kamar dai yadda ake yi a zaɓen fid da gwani idan ɓangare ɗaya ya zo da wakilansa a dunƙule, sauran kuwa kowa ya zo da ɗan takararsa. Wannan shi ne abin da ya faru a 2015. Wata ƙungiya da marubuci Larry Correia ya fara a 2013 da sunan Sad Puppies, wadda Brad Torgersen ya jagoranta a wannan shekara, ta fitar da jerin sunayenta, sannan wata mai zafin ra'ayi da ake kira Rabid Puppies, ta Theodore Beale da aka fi sani da Vox Day, ta fitar da nata mai kama da shi. Ƙorafinsu shi ne wai kyautar ta koma hannun masu fifita saƙon siyasa da asalin marubuci a kan labari mai daɗi. Masu sukarsu kuwa sun ce ainihin abin da ya dame su shi ne ganin mata da baƙaƙe da 'yan Asiya suna ci, kuma tarihin Beale ya ƙarfafa wannan zargi, domin an kore shi daga ƙungiyar marubutan fannin ta Amurka a 2013 bayan kalaman wariyar launin fata da ya yi wa marubuciya baƙar fata N. K. Jemisin.

Takardun tsayar da 'yan takara 2,122 kacal aka jefa, kuɗin zama mamba daga nesa kuma dala 40 ne, don haka jerin nasu ya mamaye rukunai da dama, har marubuci ɗaya, John C. Wright, ya samu gurbi uku cikin biyar a rukunin matsakaicin labari. Martanin da ya biyo baya shi ne mutane suka yi ta rajista, ƙuri'un ƙarshe suka kai 5,950, kuma a taron Worldcon na wannan shekara a birnin Spokane na Amurka rukunai biyar suka tashi babu wanda aka ba kyauta. A duk tarihin kyautar kafin wannan dare, sau biyar kawai aka taɓa barin wani rukuni babu kyauta.

Game da littafinka, ka kwantar da hankalinka. Ba ya cikin jerin 'yan haɗin baki, hasali ma jerin ne ya fara ture shi. Sai da Marko Kloos ya janye littafinsa saboda bai yarda da hanyar da sunansa ya shiga ba, sannan The Three-Body Problem, a fassarar Ken Liu, ya samu gurbi, ya kuma zama littafin fassara na farko da ya ci wannan rukuni. Bayan haka an gyara doka. Tun daga 2017 kowace takarda maki ɗaya gare ta a kowane rukuni, ana raba shi tsakanin ayyukan da ta ambata, ana kuma zubar da masu rauni ɗaya bayan ɗaya, ta yadda takardu masu jeri iri ɗaya ba za su iya kwashe duka gurabe ba. An kuma mayar da 'yan takara shida, alhali mai zaɓe biyar kawai zai iya rubutawa. A ganina tsarin da ya ga rauninsa ya gyara bai cancanci a yi watsi da shi ba. Ka nemi The Fifth Season na Jemisin, wanda ya ci a 2016, biyun da suka biyo bayansa kuma suka ci a 2017 da 2018, abin da babu marubucin da ya taɓa yi kafin ita. Labari ne na duniyar da girgizar ƙasa take rushewa lokaci bayan lokaci, da mutanen da ake bautarwa saboda suna iya sarrafa ta. Yana da nauyi, akwai kuma wuraren da suka shafi mu'amalar jinsi da ba su dace da tarbiyyarmu ba, gara ka sani tun kafin ka saya.

Malama daga Arkilla

Malam, Allah ya ƙara sani, bayaninka kan 2015 ya gamsar, amma ina ganin ka sauƙaƙa wa kyautar fiye da yadda ta cancanta, domin ka tsaya kafin ka iso ga abin da ya fi muni. Mutanen 2015 sun yi rashin kunya, amma ba su karya doka ba, kuma a bainar jama'a suka yi abinsu, shi ya sa masu zaɓe suka iya taka musu birki. A 2023 kuwa waɗanda aka damƙa wa amanar ƙidaya ne suka ci amanar, kuma babu gyaran lissafin da zai kare mutum daga mai riƙe da akwati.

An yi taron a Chengdu a watan Oktoba na 2023, karo na farko a ƙasar Sin, kuma birnin ya cancanci karɓar baƙi, domin a can ake buga mujallar Science Fiction World wadda ta fara fitar da littafin Liu Cixin kashi-kashi a 2006. An ba da kyaututtuka, kowa ya watse. Sai a watan Janairu na 2024, bayan jinkirin wata uku, aka fitar da cikakkun alƙaluman tsayar da 'yan takara, nan aka ga cewa akwai waɗanda suka samu isassun ƙuri'u amma aka rubuta a gefen sunansu cewa ba su cancanta ba, ba tare da an faɗi dalili ba. Cikinsu akwai littafin Babel na R. F. Kuang, wanda ya riga ya ci Nebula, kyautar da marubutan fannin suke zaɓe, a 2023, da marubuciya Xiran Jay Zhao, da mai sharhi Paul Weimer, da kashi ɗaya na shirin talabijin na The Sandman. Da aka matsa wa shugaban ƙidayar, Dave McCarty, da tambaya, sai ya riƙa maimaita cewa sun bi dokoki, ya ƙi cewa wace doka.

A watan Fabrairu Chris Barkley da Jason Sanford suka wallafa rahoto bisa saƙonnin imel da ɗaya daga cikin ma'aikatan, Diane Lacey, ta miƙa musu. Abin da ya fito shi ne ma'aikatan da suka fito daga Amurka da Kanada ne da kansu suka zauna suna binciken marubuta, suna tattara abin da kowa ya taɓa faɗa game da gwamnatin Sin ko Tibet ko Taiwan, domin a cire wanda ake tsoron zai ɓata wa masu masauki rai. An sa wa Weimer alama saboda wai ya je Tibet, alhali Nepal ya je. Kuma waɗanda suka fi cutuwa su ne marubutan Sin ɗin kansu, domin an jefar da takardu masu yawa da suka zaɓi ayyukan Sinanci bisa zargin haɗin baki, ba tare da wata doka ta ba da ikon yin haka ba. Samantha Mills, wadda ta ci rukunin gajeren labari, da Adrian Tchaikovsky, wanda ya ci rukunin jerin littattafai, duk sun fito sun ce ba za su ƙara kiran kansu masu wannan kyauta ta 2023 ba. Ina girmama su a kan haka ƙwarai, domin ba su aikata laifin komai ba, amma sun ga cewa nasarar da aka samu bayan an cire abokin takara a ɓoye ba ta da tsarki.

Saboda haka, ƙanena, shawarata ita ce ka ɗauki sakamakon 2023 a matsayin wanda ba a tabbatar ba, ka kuma nemi Babel ɗin da aka cire. An gina shi ne a Oxford ta shekarun 1830, inda Daular Ingila take ɗebo yara daga ƙasashen da take mulka ta koya musu fassara domin ta yi amfani da harsunansu wajen ƙarfafa mulkinta. Duk wanda ya tashi a Sakkwato, ya san abin da ya biyo bayan 1903 da yadda aka mayar da ajami gefe aka ɗora boko, zai karanta shi da wani ido daban.

Sannan ina mamakin yadda muke zagayawa har Amurka da Sin alhali 'yan ƙasarmu suna cikin manyan wannan fanni. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci Hugo da Nebula a 2016 da Binti, labarin yarinya 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta bar gida ta tafi jami'a a wata duniyar. Gajere ne, za ka gama shi a zama ɗaya ko biyu. Tana da wani mai suna Noor, na 2021, wanda ya faru a arewacin Najeriya ta nan gaba, ɗaya daga cikin manyan taurarinsa kuma makiyayi ne Bafulatani. Ba duk abin da ta zana game da Arewa na yarda da shi ba, akwai wuraren da za ka ji idon baƙo ne yake kallo, amma ya kamata mu karanta mu yi mata gyara da hujja. Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, inda wani gari ya tsiro a Najeriya a kewayen wata halitta da ta sauko daga sararin samaniya. Oghenechovwe Donald Ekpeki kuma ya ci Nebula a 2022 da O2 Arena, labarin Legas da iska ta gurɓace har sai mai kuɗi yake sayen numfashi.

Tsohon Hedimasta, Kanwuri

Na karanta bayanan 'ya'yana biyu, kuma kowanne ya faɗi gaskiya a ɓangarensa. Ina so in ƙara abin da nake ganin an tsallake. Mutanen 2015 hanyarsu mummuna ce, shugaban ɓangare ɗaya kuma mutum ne da bai kamata a bi ba, amma akwai ƙwayar gaskiya ɗaya a bakinsu, wato masu zaɓen nan 'yan kaɗan ne. Mutum dubu biyu zuwa shida, mafi yawansu masu jin Turanci, masu iya fitar da daloli domin su jefa ƙuri'a, su ne ake kiran hukuncinsu hukuncin duniya. Ɗalibi a Dundaye ko malamin firamare a Wurno ba shi da murya a ciki. Haka kuma a daren Spokane an haɗa mai laifi da marar laifi, domin akwai editoci da suka shekara da shekaru suna aiki, aka sa sunansu a jerin ba su roƙa ba, aka kuma hukunta su tare da waɗanda suka sa su. Ba na jin daɗin yadda wasu suka yi tafi a lokacin. Kuma haɗin baki ba sabon abu ba ne a can: a 1987 wani littafin L. Ron Hubbard ya shiga cikin 'yan takara, masu zaɓe suka ajiye shi a ƙasan zaɓin babu wanda ya cancanta.

Ɗana, ka riƙa haɗa shaidu. Nebula marubuta ne suke zaɓe, Clarke kwamitin alƙalai ne a Ingila tun 1987, Nommo kuma ta ƙungiyar marubutan Afirka ce da aka fara ba da ita a 2017, Rosewater ne ma ya fara cin rukunin littafi. Idan littafi ya fito a biyu ko uku daga cikin waɗannan, kuma bayan shekara goma ana nan ana buga shi, da wuya ka yi asarar kuɗinka. The Dispossessed na Ursula K. Le Guin, na 1974, ya ci Hugo da Nebula, kuma tunda kai ɗalibin kimiyya ne zai yi maka daɗi, domin tauraronsa masanin kimiyyar lissafi (Physics) ne da ya rasa inda zai sa kansa tsakanin ƙasar da babu mai mallakar komai da ƙasar da komai na sayarwa ne. Dune na Frank Herbert shi ma ya ci duka biyun, labarin hamada ne da darajar ruwa, abin da ba sai an yi wa Basakkwace dogon bayani ba. Sai dai marubucin ya ɗebi kalmomin addininmu irin su Mahadi da jihadi ya zuba su cikin wani ƙagaggen addini, don haka ka karanta da saninka, kada ka ɗauke shi madubin Musulunci. Wanda na fi so ka fara da shi shi ne gajeren labarin Ted Chiang mai suna The Merchant and the Alchemist's Gate, wanda ya ci Hugo a 2008, yana kuma cikin kundinsa Exhalation. A Bagadaza ta zamanin halifofi ya faru, inda wani ɗan kasuwa ya samu ƙofar da take kai mutum shekarun baya, ya gano cewa abin da aka rubuta ba ya canzawa, amma tuba da fahimta suna nan a buɗe. Ban taɓa karanta baƙon marubuci da ya riƙe zancen ƙaddara da ladabi kamar haka ba.

Kada kuma ka ɗauka cewa mu ba mu taɓa shiga wannan fage ba. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya, da Hausa tsantsa, kuma mun karantar da shi a aji. Ka tambaya a wurin masu sayar da littattafan Hausa a babbar kasuwa ko a ɗakin karatun jami'arku. Rubutun zube na Hausar boko ma gasa ce ta haife shi, wadda Rupert East ya shirya a 1933, aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma a can ma ɗanɗanon mai shirya gasar ya yi tasiri a kan irin labarin da ya fito.

Ɗalibin Dundaye

Na gode, Baba, na gode Malam da Malama, Allah ya saka da alheri. Na rubuta Exhalation da Binti a farkon jerina, zan kuma nemi littafin Umaru Dembo a ɗakin karatu. Saura tambaya ɗaya. Bayan abin da ya faru a Chengdu, an samu wani canji a shekarun da suka biyo baya, ko kuwa an ci gaba a haka? Kuma akwai inda mutum zai karanta irin waɗannan labarai ta halal ba tare da ya biya ba, kafin ya tara kuɗin littafi?

Malama daga Arkilla

An samu canji, ko da yake bai kai yadda nake so ba. An tsawata wa McCarty a hukumance, ya kuma sauka daga muƙaminsa a hukumar da take riƙe da sunan kyautar. Masu shirya taron Worldcon na 2024 a birnin Glasgow na Birtaniya sun yi alƙawarin bayyana dalilin duk wata cirewa, kuma an jarraba su tun a shekarar, domin sun gano cewa daga cikin ƙuri'u 3,813 akwai 377 na bogi, da sunayen ƙarya, mafi yawansu domin a ɗaga ɗan takara guda. Sun zubar da su, suka sanar da duniya tun kafin ranar ba da kyauta, suka ce babu shaidar cewa ɗan takarar ya san da abin, don haka ba su cire shi ba kuma ba su ambaci sunansa ba. Wannan shi ne aikin da ya kamata a yi a Chengdu. Abin da ya rage a raina shi ne kowace shekara sabon kwamitin 'yan sa-kai ne yake riƙe da ƙidayar, saboda haka ingancinta yana rataye ne a kan halin mutanen da suka karɓa a wannan shekara.

Game da karatu kyauta, mujallun Clarkesworld da Uncanny da Strange Horizons duk suna sa labaransu a intanet ba tare da kuɗi ba, kuma yawancin gajerun labaran da suke shiga takarar Hugo a 'yan shekarun nan daga irin waɗannan mujallu suke fitowa. Labarin Samantha Mills ɗin ma, Rabbit Test, a Uncanny aka buga shi. Omenana kuma ta gida ce, Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa ta a 2014 domin marubutan Afirka, ita ma kyauta ce. Shafukan rubutu ne zalla, ba sa cin data sosai, kana iya buɗe labari biyu ko uku lokacin da sabis yake da ƙarfi ka adana su a waya ka karanta da dare. Idan wani marubuci ya kama ka a gajeren labari, sai ka sa kuɗinka a littafinsa.